Simintin Maiyama

Shekarun farko bayan an ba mu jihar Kebbi, duk inda ka waiga gini ake yi. Sabuwar jiha tana son ofisoshi da azuzuwa da ɗakunan shan magani, kowane ɗan kwangila kuwa yana son a san da shi. Ni a lokacin na gama kwalejin fasaha na dawo Jega da takardata da girman kaina, na sami aiki wurin wani Alhaji ɗan kwangila wanda mahaifina ya daɗe yana yi wa gini. Ba takardata ce ta sa aka ɗauke ni ba, na sani. Darajar Baba na ci.

Alhaji mutum ne mai son sabon abu. Da ya lura injiniyoyin ma'aikata a Birnin Kebbi sun fara yatsina fuska in an miƙa musu rahoton aiki da rubutun hannu, sai ya yi tafiya ya dawo da kwamfuta, da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki, da ƙaramin janareta. Aka share ɗaki guda a ofishinmu, aka sa labule, aka kafa mata fanka ita kaɗai, mu kuwa muna zufa. In an tashi aiki a lulluɓe ta da farin mayafi. Kawuna, ƙanin Inna, shi ne direban a-kori-kurar kamfanin, kuma shi ya raɗa mata suna amaryar Alhaji. Mutanen kasuwa sukan leƙo su gan ta, wasu har da cire takalmi. Ni aka damƙa wa ita, don ni kaɗai na taɓa zama gaban irinta.

Ina son na'urar nan, ba zan ɓoye ba. Aikinta ba wani siddabaru ba ne. Muna da gini a wuri uku: shaguna a Jega, siton albasa a Aliero, da jerin azuzuwa a wani ƙauye bayan Maiyama. Kowane mako sai in shigar mata da abin da ya fita daga sito, siminti da bulo da rodi, in kuma shigar da yawan ginin da ya tashi a kowane wuri. Ita kuma ta jera min aikin da ke jiran wani aiki, ta nuna inda za a makara, ta zana layi a kan allo, layin kaya da layin gini, su tafi kafaɗa da kafaɗa in komai na tafiya daidai. Kafin zuwanta tifa takan kai yashi inda ake jiran tsakuwa, kafinta ya isa wurin da ko linta, kankaren saman ƙofa da taga, ba a zuba ba, ya wuni yana cin gyaɗa. Duk wannan ya ragu. Har lokacin dashen albasa na koya mata, don in ya zo leburorin Aliero da na Jiga Birni ko da bulala ba ka tsayar da su a wurin gini, fadama suke nufa. Na sa mata wannan a lissafi, ta daina yi mana alkawarin da ba za a cika ba.

Shugabannin magina na Jega da na Aliero da kansu suke shigowa ɗakin su ba ni rahoto, su tsaya suna kallon allo suna gyaɗa kai kamar sun gane. Shugaban aikin Maiyama kuwa bai taɓa taka ɗakin ba, domin shi ne Baba, ni kuma ɗansa na fari.

Wanda ya tashi a wajenmu ba sai an yi masa bayani ba, amma yaran yanzu sai an yi. Ɗan fari ɗan kunya ne. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, ba ya zama inda nake zaune. Da aka yaye ni kakata ta tafi da ni ƙauyen Alelu, can na yi wayo. Da na dawo gida karatu, in yana son a aike ni sai ya dubi bango ya ce, “A ce wa wancan ya tahi kasuwa,” ni kuwa ina tsaye a gabansa. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, fuska a gefe. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Na san wanda yake barin tsokar nama a kwano ya ce ya ƙoshi ranar da nake gida, na san wanda ya sayar da kekensa shekarar da zan shiga kwaleji. Sai dai so ne da ba ya bi ta baki, kuma na saba da shi haka.

To ga shi yanzu aiki ya ce dole kowane mako ya ba ni rahoto. Kawu ne ya zama gada. Shi da Baba akwai wasan ƙanin mata a tsakaninsu, yana faɗa masa abin da wani ba ya iyawa. In ya kai kaya Maiyama sai Baba ya ce masa, “Ka hwaɗa ma mai akwatin, bangon gabas ya kai taga, na yamma ya kusa.” Kawu ya kawo min, yana kwaikwayon muryarsa har da gyaran hula, ni kuma in buga. Haka muka yi ta yi, ni da mahaifina muna aiki ɗaya, maganarmu tana hawa mota.

Ana cikin haka layukan Maiyama suka fara rabuwa. Na siminti yana hawa, na gini yana jan ƙafa. Da farko na ce kuskurena ne, na koma na bi komai ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko mai sito ne ya rubuta kayan Aliero a kan Maiyama, na je na zauna da shi har ya ji haushina. Ba haka ba ne. Na ƙara wa Maiyama rangwamen asarar da ake yi wa kowane gini, buhun da ya fashe, kwaɓin da ya bushe, har na ƙara fiye da yadda aka koya mana. Duk da haka ratar tana nan, kuma kowane mako buɗewa take yi. Na'urar ba ta san wane ne Baba ba. Abin da ta sani shi ne siminti yana shiga ƙauyen nan fiye da bangon da ke fitowa.

Ban kai wa Alhaji ba, shi ya gani. Yana da al'adar shigowa bayan La'asar ya ja kujera kusa da ni ya ce in nuna masa zanen. Ranar ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan allon, abin da ni kaina nake hana kowa.

“Wanga na ina?”

“Maiyama, Alhaji.”

Ya cire yatsan. “Ni ban ce Malam ya ɗauki komi ba,” in ji shi. “Tun ban da ko baro muke tare. Amma siminti ba shi da ƙahwa. In an zo zuba linta zan tahi da kaina in gani.”

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma ɗakin amarya ɗakin 'yan kallo ne, kuma akwai wanda ya ji. Kafin mako ya zagayo magana ta shiga kasuwar Jega, ta kuma yi ƙiba a hanya: wai injin Alhaji ya kama ɓarawon siminti, wai kuma ɗan ne ya tona uban. Wani mahauci da nake sayen tsire wurinsa ya miƙo min ƙunshina ya ce, “Kai kam aikinka babu sani babu sabo,” yana dariya. Na bar masa naman a kan tebur na tafi. Ina da saurin fushi, ban musa ba, amma ran nan ba fushi ne ya fi yawa ba. Tsoro ne. Baba ba shi da gona mai yawa, ba shi da shago. Abin da ya tara a duniya shi ne a ce in ka ba shi kayan gini ka tafi Makka ka dawo, ko ƙusa ba za ta ɓata ba. Wannan ne ake taunawa a rumfunan kasuwa, kuma daga ƙarƙashin yatsuna maganar ta fito.

Wani zai ce me ya hana ka tambaye shi? Na gwada. Ranar Juma'a da ya zo gida na same shi a zaure yana yanke farce, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙofa. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ta ina zan fara? Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, maganar farko mai tsawo da za ta shiga tsakaninmu ta zama ina ka kai siminti? Na tashi na fita kamar an kore ni.

Sai na tura Kawu. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ya shigar da ita cikin wasa, ya ce masa, “Yaya, amarya ta ce kana shan siminti da hura.” Baba bai yi dariya ba. Cewa ya yi, “Siminti shina cikin gini.”

“To kai mi kag gani can?” na tambayi Kawu.

“Ni direba na, hanya nika dubi,” in ji shi, ya kuwa ƙi haɗa ido da ni. A nan na gane ya san wani abu.

Da za a kai rodin linta sai na ce zan bi motar. Muka fita da sassafe, muka haye gulbi, muka bi hanyar Maiyama, Kawu wanda bakinsa ba ya hutawa ya yi gum har muka saki kwalta. Kafin mu isa na ce ya sauke ni, ban son in faɗo wa Baba cikin ma'aikatansa. Na zagaya ta bayan wata tsamiya da ke gefen filin makarantar na tsaya.

A aikin gini na wajenmu kusurwa ta babba ce. Shugaban magina shi ke ɗora bulon kusurwa, ya daidaita shi da ma'auni, wato katakon nan mai ɗigon ruwa a cikin gilashi, sannan ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sauran magina su bi igiyar su cike tsakani. In kusurwa ta miƙe bango ya miƙe. Ba a taɓa kusurwar babba, ba a duba ta a bayansa, yin haka kamar ka ce masa ya tashi daga kujerarsa ne. Tun ina yaro na san Baba da wannan ma'aunin, ko aro ba ya bayarwa.

Na gan shi a kan dandamali, ya ɗora bulo, ya kwantar da ma'aunin a kai. Sai ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata kai ya duba da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan, ya goge gilashin da bakin riga. Sannan ya ƙwanƙwasa bulon da gindin cokali, ya ce a ja igiya. Daga inda nake tsaye ina ganin bulon ya ɗan kwanta waje. Magina suna gani, su da ke kusa. Babu wanda ya ɗaga kai. Suka bi igiyar.

Da rana ta ɗaga ya sauko ya nufi bangon da aka yi jiya. Bai tsaya daga nesa ya hange shi ba, yadda na san yana yi da, ido ɗaya a kanne. Tafin hannu ya ɗora, ya bi bangon yana shafawa tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, ya dawo ya sake. Ya ɗaure dutse a zare ya sake shi daga sama, ya sa yatsa tsakanin zaren da bangon, sama da ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Sai na ji ya ce, “A sauke shi. Ɗiyan mutane za su zamna ƙarƙashinai.”

Ba wanda ya yi musu, ba wanda ya yi mamaki, da gani sun saba. Suka sa guduma. Bulon da ya fita lafiya aka ware, wanda ya fashe da busasshen kwaɓi leburori suka kwashe a kwanon sarki suka zuba cikin azuzuwan, inda ake cikon ƙasa kafin a yi daɓe, suka bi da jar ƙasa suka rufe. Ashe gaskiya ya faɗa wa Kawu. Simintin yana cikin ginin, a ƙarƙashin inda yara za su shimfiɗa ƙafafunsu. Rahoton da yake aiko min kuwa bangon da ke tsaye kawai yake faɗa, don a wurinsa abin da aka rushe ba aiki ba ne, ba a kai shi gaban mutane.

Na jingina da tsamiyar nan na yi kuka, ni da gemuna. Daɗi na ji cewa ubana ba ɓarawo ba ne, ko da yake ban taɓa yarda ba, sai kuma tausayi ya rufe daɗin. Yaushe idon ya fara? Sai a lokacin na tuna ya daina karatu a zaure da yamma, ya daina hawa babur, na tuna yanke farcen nan da yake yi da lalube. Muna gida ɗaya, amma wanda aka hana kallon fuskar ubansa ta ina zai ga abin da ke cikin idon?

Da aka tashi cin abinci Kawu ya zo ya ja ni. Ya ce Baba ya san ina nan tun isowarmu, wani lebura ya faɗa masa. Muka same shi zaune a inuwar sito a kan buhun da babu komai. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Kawu ya zauna a tsakaninmu. Abin da ya biyo baya, da wani baƙo zai gani sai ya yi dariya: mutum biyu da ke jin numfashin juna suna magana ta bakin na uku.

“Ka tambaye shi,” in ji Baba, “mi ya kawo shi cikin rana?”

“Kawu, a ce masa na ga inda siminti yake.”

Kawu bai maimaita ba, ba a buƙata. Baba ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

“Ka ce mashi abin da yag gani ya bar shi nan. Aikin ga ya kusa. In an yi ruhi sai in ce na gaji, in koma gida da mutuncina.”

“Kawu, a ce masa mutuncin ne ake ci a kasuwa. Cewa ake yi sayarwa yake.”

Hannunsa ya tsaya. Ashe bai sani ba, duk wanda ke kusa da shi ya ɓoye masa, kamar yadda suka ɓoye masa karkatar kusurwa.

“Ni?” ya ce. Ba da Kawu yake ba, ba da ni ba.

Can ya nisa ya ce, “To ya gyara akwatin mana. Ba shi ka buga mata ba?”

Wannan ce ta fi min ciwo, domin zan iya. Lamba ɗaya zan canza layukan su haɗe. Amma Alhaji ya riga ya gani, kasuwa ta riga ta ji, in layi ya gyaru da kansa cewa za a yi ɗan ya rufa wa uban asiri, sata ta tabbata ke nan. Ga kuma linta da za a ɗora a kan kusurwoyin nan. Na ce, “Kawu, a ce masa ciwon ido ba abin kunya ba ne, Allah ke kawo shi. Ni dai ba zan zauna ina ji ana kiran ubana ɓarawo ba. In bai faɗa wa Alhaji ba, a yi min gafara, ni zan faɗa.”

Ban taɓa yi masa magana mai kama da wannan ba. Kawu kansa sai da ya zaro ido. Na jira faɗa, ban samu ba. Baba ya jefar da tsinken ya miƙe.

“Ka maishe shi gida,” ya ce wa Kawu. “Rana ta yi zahi, kuma bai ci komi ba.”

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ban san abin da ya yanke ba, Kawu ma bai sani ba. Ina zama gaban na'urar in kasa buga komai, har haushinta nake ji, alhali ba ta yi laifin komai ba, abin da aka ba ta ta auna.

Ranar zuba linta Alhaji ya ce in shigo motarsa, in riƙo takardar da firinta ta fitar. Muka tarar an kafa katako, an jera rodi, ma'aikata sun taru, har da wasu dattawan ƙauyen da suka zo ganin aiki. Alhaji ya gaisa da kowa, ya kama hannun Baba zai ja shi gefe, don shi ma ba ya son a yi a gaban jama'a. Baba ya zare hannunsa.

“A'a, Alhaji. Cikin mutane anka ɓata ni, cikin mutane za a wanke ni.”

Ya sa aka kawo diga. Ya shiga aji na farko yana taɓa bakin ƙofa, ya ce a tona nan. Sara kaɗan aka yi sai ga fasassun bulo da dunƙulen siminti. Ya ce a tona aji na biyu. Haka. Sannan ya juyo wajen da yake jin muryar Alhaji.

“Ga simintinka nan, ko cokali guda bai bar wurin ga ba. Idona na ya tahi, Alhaji. Tun bara nika ganin hazo. Ni ka ɗora kusurwa ta karkace, in sa a rushe. Yaran ga ba su da laihi, kunyata sunka ji. Asarar da niy yi maka kuwa, ka yahe mani.”

Alhaji ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, “Haba Malam. Haba Malam. Da ka hwaɗa mani ai da tuni mun tahi asibiti.” Ya karɓi takardar hannuna ya ninke ya sa a aljihu bai duba ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shi shaida ne, kuma ranar kasuwa da bakinsa zai kai maganar Jega. Ya kuwa kai.

Baba ya kira mataimakinsa, wani magini da ya taso a hannunsa, ya miƙa masa ma'aunin. Mutumin ya ƙi karɓa, ya ɓoye hannuwa a baya yana hawaye. Sai da Baba ya daka masa tsawa ya karɓa. Baba ya ce masa ya bi kusurwoyin duka ya duba kafin a zuba komai, wadda ta karkace a sauke. Daga baya Alhaji ya kai Baba asibiti aka yi masa aikin yanar ido, ɗaya ya ɗan dawo har yana gane fuska, amma bai sake ɗora kusurwa ba. Ni kuma na buɗe wa na'urar sabon gurbi na aikin da aka rushe aka sake, na roƙi shugabannin magina su riƙa faɗa, ba don a kama kowa ba. Sun daɗe kafin su saba.

Ran nan dai da yamma Alhaji ya wuce Aliero, mu kuma muka kamo hanyar gida a a-kori-kura. Na haye baya kamar yadda ya kamata, Baba na gaba. Ba mu yi nisa ba motar ta tsaya, Kawu ya leƙo ya ce, “An ce ka shigo gaba, baya da girgiza.” Na shiga tsakiya na takure, kafaɗata tana gugar ta Baba duk lokacin da muka faɗa rami. Yana warin siminti da zufa. Ban tuna ranar da na taɓa zama kusa da shi haka ba.

Mun hau kwalta ya ce wa Kawu, “Tambaye shi. Akwatin nan, ta san sauran ginin da niy yi, ko wanga ɗai tas sani?”

Na ce, “A ce masa wannan kaɗai aka ba ta.”

Sai ya ce, “To a ba ta sauran.”

Ya fara faɗa. Ba ya ganin komai sai hasken yamma, amma jikinsa ya san hanyar, kowace kwana da kowane gangare. In mun zo wuri sai ya nuna da haɓa: kwalbatin nan shi ya zuba ta, shekarar da ruwa ya cinye hanya, masallacin can shi ya ɗaga shi daga na laka, ga gidan wani mai albasa, bene na farko da ya taɓa yi, bai yi barcin kirki ba sai da aka cire katako. Da Kawu yake magana, ni nake ji. Yawancinsu na sha wuce su ban san hannunsa ba ne.

Dab da gulbi ya ce a rage gudu. Ya ce ta hannun dama akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, shi ne kusurwar farko da maigidansa ya sakar masa ya ɗora shi kaɗai.

“Shekarar da anka haihi wancan na,” ya ce. “Ina bisa bangon anka zo anka hwaɗa mani. Ban iya sauka ba, kunya. Sai niy yi ta aiki har duhu, ina dariya ni ɗai.” Ya ƙara da cewa, “Ban sani ba ko shina nan.”

Kawu ya taka birki. Na leƙa ta gabansa. Shagon yana nan, filastarsa ta zube, wani mai faci ya jingina tayoyi a jikinsa. Na bi kusurwar da ido tun daga ƙasa har kwano.

“Kawu,” na ce, “a ce masa yana nan tsaye. Ko kaɗan bai karkace ba.”

Baba ya juyar da fuska wajen taga, ya sa bakin rigarsa ya daɗe yana goge ido. Kawu ya jira shi har ya gama, sannan ya tayar da mota muka haye gada.